Lemon Yuzu Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

A cikin 'yan shekarun nan wani suna ya cika gidajen abinci na Faransa da Ingila da Amurka, watau yuzu. Ana rubuta shi a jikin kwalaben abin sha, da takardun alewa da na cakulan, har da sabulu da turare. Yuzu wani irin lemo ne na ƙasar Japan da Koriya, wanda mutanen can suka fi shekara 1,000 suna gyara abinci da shi. Ra'ayinmu a kansa shi ne, darajar wannan lemo tana ga sanin abin da ya dace a haɗa shi da shi, da gwargwadon da za a sa, da lokacin da za a sa. Wanda ya ɗauki sunan ya bar wannan sani ya cuci mai saye, ya kuma cuci manomin da ya sha sukar ƙaya kafin ya tsinko shi.

Watakila mai karatu ya ce, ina ruwanmu da lemon da ba mu saba gani a kasuwa ba? To, kayan kanti ba su san iyakar ƙasa ba, abin da ya shiga kwalba a London yau, gobe yana iya iske ka inda ka ke. Malamin da ke koyar da labarin ƙasa kuwa, in ya zo kan Japan, ya kamata ya san abin da ƙauyawanta ke ci da abin da su ke sayarwa, banda motoci da rediyo. Rashin sani, in ji masu magana, ya fi dare duhu.

Kamanninsa Da Asalinsa

Girman yuzu bai wuce na tanjarin ba, faɗinsa inci 2 zuwa 3. Ɓawonsa kaushi gare shi, da tudu da kwari. In ka yanka sai ka tarar 'ya'ya sun cika cikinsa, ruwan kuwa kaɗan ne, ga tsami ƙwarai. Ba mai ɓare shi ya sha kamar lemon zaƙi. A watan Agusta da Satumba a kan tsinke shi yana kore, daga Oktoba zuwa Disamba kuwa ya kan nuna ya zama rawaya, kowanne da irin aikinsa.

Asalinsa ƙasar Sin ne, wajen saman kogin Yangtze. Masana itatuwa sun ce ɗan ruwa biyu ne, tsakanin tanjarin da wani lemon daji mai jure sanyi, shi ya sa ya ke rayuwa a kan duwatsu inda sanyin hunturu ke kashe sauran lemo. Ana noma shi a Japan tun zamanin da su ke kira Nara, watau daga 710 zuwa 794. Yau wajen rabin yuzun Japan daga Lardin Kochi ya ke fitowa, a tsibirin Shikoku, sa'an nan maƙwabtansa Tokushima da Ehime su biyo baya.

Itacen yana da dogayen ƙayoyi, ga shi da nawa. Japanawa suna da karin magana a kansa, mai nufin cewa wani itace shekara 3 ya ke yi ya haihu, wani 8, amma yuzu wawa sai ya kai 18. Wannan ga wanda aka shuka daga ƙwaya ke nan. Manoman yanzu su kan yi masa aure da wani itacen lemo mai ƙarfin saiwa, kamar yadda masu lambu ke yi wa mangwaro, sai ya fara 'ya'ya cikin 'yan shekaru kaɗan. Duk da haka abu ne mai wuyar samu da tsada. Abin da ya yi tsada kuwa ba a barbaɗa shi kamar ƙasa, sai an yi tunani. Daga nan ne ilimin haɗa shi ya samo tushe.

Abu Uku A Cikin Ɗa Guda

Kafin a san abokin yuzu sai a san shi kansa. Abu uku ke jikinsa. Ƙanshi yana cikin ɓawo, a wasu ƙananan jakunkuna na mai da ke fashewa in an goga ko an yanka. Tsami yana cikin ruwa. Ɗaci yana cikin 'ya'yan da farar totuwar da ke ƙarƙashin ɓawo. Cikin ukun nan ƙanshi shi ne sarki, domin tsami kowane lemon tsami yana da shi, amma ƙanshin yuzu, mai gauraye da na tanjarin da na fure, ba a samunsa wani wuri.

Mafi yawan man ɓawon wani sinadari ne da a ke kira limonene, wanda sauran lemo ma suna da shi. Abin da ya bambanta yuzu wasu sinadarai ne 'yan mitsi-mitsi, har a 2009 masu bincike na Japan suka gano ɗaya suka sa masa suna yuzunon. Dukansu masu saurin tashi ne, zafi na korarsu. Saboda haka dokar farko a madafin Japanawa ita ce, yuzu shi ke shiga daga ƙarshe. Suna da wani romo garai-garai da a ke sha a ƙaramin akushi mai murfi. Sai an zuba romon an gama, kana a ɗora masa ɗan yankin ɓawo wanda bai fi farce ba, a rufe. Sa'ad da baƙo ya ɗaga murfi, tururi ya kai masa ƙanshin kafin ya kurɓa. Wanda ya jefa ɓawon tun tukunya na tafasa, bangon ɗakin girki ya ciyar da ƙanshin, baƙo ya bar wa ɗaci.

Gishiri Ne Babban Abokinsa

Abokin yuzu na farko gishiri ne, da duk abin da aka tsima da gishiri. Dalili kuwa a fili ya ke. Gishiri yana danne ɗaci, yana rage kaifin tsami, sai ƙanshi ya sami hanya.

Dubi abin da su ke kira ponzu. Ruwan yuzu ne a ke haɗawa da shoyu, watau baƙin ruwan waken soya mai gishiri, a jiƙa ganyen teku da kankararren busasshen kifi a ciki, a ajiye shi ya kwana biyu har su san juna. Shi ne abin dangwale a lokacin hunturu, sa'ad da iyali ke kewaye tukunya guda a kan wuta, kowa na tsamo kifi ko nama ko ganye yana tsomawa cikin nasa ɗan kwano. A nan ma ka ga ba a tafasa yuzun ba, a gefe ya ke jiran abinci.

Sai kuma miso, wanda za mu iya kira daddawar Japanawa, tun da yake shi ma wake ne da aka bari ya ruɓa da gangan har ya yi ɗanɗano. Su kan goga ɓawon yuzu cikin miso da ɗan sukari, su shafa a kan daikon, wani farin tushe mai kama da karas amma ya fi shi girma, bayan an dafa shi ya yi laushi. Daikon lami ne, miso nauyi gare shi, yuzu shi ke ɗaga su. A ƙauyukan duwatsu kamar Totsukawa na Lardin Nara, a kan ƙwaƙule cikin lemon, a cusa masa miso da riɗi, a turara, a rataye shi watanni yana shan iskar hunturu har ya taurare. Wannan shi ne yubeshi, a kan yanka shi siriri-siriri, guzuri ne na mutanen da.

Kifi Da Maiƙo

Abokinsa na biyu maiƙo ne. Kowa ya san nama mai kitse da kifi mai mai su kan ginshi mutum tun bai ƙoshi ba. Tsami yana yanke maiƙon, yana kuma kashe ƙarni, don sinadaran da ke sa kifi ƙarni ba su tashi zuwa hanci in sun gamu da tsami. Maiƙo shi ma yana rama alheri, domin man ɓawon yana narkewa a cikinsa, ƙanshin ya daɗe a baki.

A Kochi abincin da su ke alfahari da shi wani kifin teku ne, katsuo. Su kan babbake bayansa a harshen wutar karan shinkafa, cikinsa na nan ɗanye, a yayyanka, a ci da tafarnuwa da gishiri ko ponzu. Hayaƙi da maiƙo da tsami, kowa ya riƙe matsayinsa. Akwai kuma gashin da a ke kira yuan, wanda aka ce ya sami sunansa daga Kitamura Yuan, wani gwanin shayi na zamanin Edo, watau tsakanin 1603 da 1868. A kan jiƙa kifi cikin shoyu da yankakken yuzu, kana a gasa. A cikin duwatsun Kochi kuwa, inda kifin teku ke wuyar isa a da, mata su kan tsamama shinkafa da ruwan yuzu maimakon ruwan khal, su ɗora mata tohon gora da naman kaza. Talauci ne ya koya musu, yau kuwa baƙi na zuwa takanas don su ci.

Barkono

Abokinsa na uku zai fi burge mai son yaji. A tsibirin Kyushu, musamman Lardin Oita, su kan daka ɓawon yuzu da ɗanyen barkono da gishiri, su bar shi ya tsimu. Sunansa yuzu kosho. Koren ɓawo da koren barkono a ke haɗawa, rawayan ɓawo kuwa da jan barkono, watau ɗanye da ɗanye, nunanne da nunanne. Koren ya fi kaifi, ya dace da gasasshiyar kaza da kifi. Jan ya fi taushi, ya dace da romo. Abin da a ke ɗiba bai wuce kan tsinke ba, a laƙaba a gefen loma. Abu uku kacal ke cikinsa, ba a cika masa kayan ƙanshi ba, domin sun san in taro ya yi yawa ba a jin muryar kowa.

Zuma Da Abin Sha

Ta wajen zaƙi, zuma ce ta fi dacewa da shi, don ita ma ƙanshin fure gare ta, kuma tana lulluɓe ɗaci ba tare da ta kashe shi ba. Mutanen Koriya, waɗanda ke kiran lemon yuja, su ne gwanayen wannan. A kudancin ƙasarsu, wajen Goheung da Namhae, su kan yanka shi da ɓawonsa siriri, su cire 'ya'yan, su jera shi da zuma ko sukari cikin tulun gilashi har ya yi danƙo. In sanyi ya kama, sai a ɗebi cokali guda a zuba ruwan zafi a sha. Suna kiransa shayin yuja, ko da yake babu ganyen shayi a ciki. A lura, ruwan zafi a ke zubawa a kai a sha nan take, ba a ɗora shi a wuta.

Japanawa su kan matsa shi cikin ruwan sanyi da zuma a lokacin bazara, su kan sa ɓawonsa a koren shayi. Suna kuma jiƙa shi cikin giya. Nan ya kamata mu faɗakar da wanda ba ya shan giya: yawancin ponzu da ruwan jiƙon gashin yuan ana sa musu mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi ta girki. Sai a duba takardar da ke jikin kwalba kafin a saya.

Masu Cewa A Bar Kuku Ya Wala

Akwai masu ganin cewa duk wannan bayani ɗaure hannun mai girki ne. Suna cewa kukun Faransa sun haɗa yuzu da man shanu da ƙwai da farin cakulan, abin da kakannin Japanawa ba su taɓa mafarki ba, ya kuwa yi daɗi. Gaskiyarsu, ba mu musa ba. Har ma mu ƙara musu hujja. Barkonon da ke cikin yuzu kosho baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya fito, bai isa Japan ba sai ƙarni na 16. Sunan ponzu kansa daga bakin Turawan Holan aka aro shi, waɗanda aka keɓe wa wurin ciniki a Nagasaki daga 1641, suna da wani abin sha mai ruwan lemo da su ke kira pons. Ashe al'adar da kanta ba ta taɓa rufe ƙofa ga baƙo ba.

Amma a duba da kyau. Man shanu da farin cakulan maiƙo ne, watau dokar nan ta kifi mai mai ce aka bi da wata tufa. Gwanin kukun Faransa ya san in ya zuba ruwan yuzu cikin madara mai zafi za ta tsinke, ya san ɓawo daga ƙarshe a ke goga shi. Sabon haɗin da ya yi kyau duka, in ka bincika, za ka tarar tsohuwar ƙa'ida ce ke ƙarƙashinsa. In kiɗa ya sauya rawa ma ta sauya, amma ƙafa dai ita ke takawa.

Abin da mu ke ƙi shi ne haɗin ganin dama. Wani ya zuba yuzu tare da lemon tsami mai yawa, tsami ya hau kan tsami, ƙanshin da aka biya kuɗi dominsa ya nutse. Wani ya dafa shi sa'o'i cikin miya mai kanumfari da kirfa. Wani ya tula sukari har ba a jin kome sai zaƙi. Mafi muni shi ne abin shan kwalba da aka rubuta wa yuzu da manyan baƙaƙe, in ka karanta ƙananan sai ka ga ruwa ne da sukari da ƙanshin masana'anta, lemon kuwa ɗigo ne aka sa don a halatta sunan. Mai saye kallon kitse ya ke wa rogo.

Wa Ke Hasara?

Kada a ɗauka wannan gardamar masu kwaɗayi ce kurum. Akwai ƙauyukan da rayuwarsu ta rataya a kanta. Umaji wani ƙauye ne a duwatsun Kochi, mutanensa ba su kai 1,000 ba, ƙasarsa kusan duka kurmi ce. Da katako su ke ci. Da cinikin katako ya faɗi, suka koma ga yuzu, amma lemonsu da yawa ba shi da kyan gani da zai sayu ɗanye a birni. Sai ƙungiyarsu ta gama kai ta shiga matse shi tana haɗawa. Suka yi ponzu, a 1988 kuma suka fitar da wani abin sha mai suna Gokkun Umajimura, wanda ba kome cikinsa sai yuzu da zuma da ruwa. Da wannan sunan ƙauyen ya zaga Japan, samari suka sami aikin yi a gida. Maƙwabtansu na Kitagawa, inda aka ce Nakaoka Shintaro, wanda ya rasu a 1867, shi ya kwaɗaita wa talakawa dashen yuzu, su ne suka fara aika ɗanyensa zuwa Faransa a 2012, bayan sun cika sharuɗɗan Turai masu tsanani a kan ƙwari da magani.

To, ka ga mutanen nan sanin haɗi ne ya cece su. Jarinsu ƙanshi ne da amana. Yawancin manoman tsofaffi ne, suna hawa gangaren dutse da safar hannu ta fata saboda ƙaya, suna tsinka ɗaya ɗaya da almakashi. In duniya ta saba da cewa yuzu shi ne ɗanɗanon ruwan sukari mai araha, ranar da ta gaji da shi za ta yar da sunan ta nemi wani, kamar yadda ta saba yi da kowane abin yayi. Masana'anta ba ta hasarar kome, sai ta sake takardar kwalba. Manomin da ya dasa itace ya jira shekaru ba ya iya sake dutsensa.

Shawararmu

Ga duk wanda yuzu ya iske, ko a tafiya ko a kanti, muna ba da shawara ya yi wa kansa tambaya uku. Ina gishiri ko maiƙo ko zumar da za ta riƙe shi? An sa shi daga ƙarshe ko an dafe shi? Abin da ke cikin kwalbar nan lemo ne ko sunansa? In ya sami ɗanyensa, ya goga bayan ɓawon kaɗai ya tsaya kafin ya kai farar totuwa, ya tace 'ya'yan daga ruwan, ya fara da kaɗan. Ana iya ƙarawa, ba a iya ragewa. In na kwalba ne, ya karanta jerin abin da ke ciki, kada ya yi cinikin biri a sama.

Masu gidajen abinci da masana'antu kuwa, muna kira gare su da su faɗi gaskiyar abin da suka zuba da inda ya fito. Wanda ya ci riba da sunan wani, wajibi ne ya kiyaye mutuncin sunan. Japanawa, a ranar da dare ya fi tsawo a shekara, wajen 21 ko 22 ga Disamba, su kan jefa yuzu ɗungum cikin ruwan wanka mai zafi, al'adar da ta samo asali tun zamanin Edo. Ko a nan ba su matse shi ba, ƙanshin kaɗai su ke nema, su bar ruwan zafi ya fito da shi a hankali. Mutanen da suka yi shekara 1,000 suna zaune da abu, ya kamata a saurare su kafin a ce za a koya musu yadda a ke cinsa.